ZARE: Ƙasusuwan Goronyo suna Italiya, mu kuma ko sunansu ba mu sani ba

1/ Jama'a, akwai wata dabbar teku da masana a duniya ke kira Goronyosaurus nigeriensis. Eh, Goronyon da kuka sani, ta jihar Sakkwato, mai madatsar ruwa da albasa. Ƙoƙon kan dabbar yana birnin Florence na Italiya. Ra'ayina a zaren nan shi ne Arewa na buƙatar gidan adana irin waɗannan ƙasusuwa, kuma Kaduna ce ta fi dacewa da shi.

2/ Ni ɗalibi ne, ilimin duwatsu nake karantawa, ɗan Badarawa ne nan Kaduna. Zaren na da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni a hankali. Wanda zai zage ni ma don Allah ya kai ƙarshe tukun, sai ya zaga da hujja.

3/ Mu fara da yadda ƙashi ke zama dutse. Dabba ta mutu a bakin ruwa ko ƙasan teku, laka ta rufe ta da wuri kafin ta ruɓe ko a cinye ta. Laka na ta hawa kan laka. Ruwa mai ɗauke da ma'adinai na ratsa ƙashin, yana cike ƙananan ramukansa, har ya koma dutse mai siffar ƙashi. Cikin dubban dabbobi da wuya ɗaya ta samu wannan gatan.

4/ Shi ya sa ba ko'ina ake samunsu ba. Nan Kaduna a kan tsohon dutse mai tauri muke zaune, irin duwatsun da kuke gani a hanyar Kujama da Kajuru. Zafin cikin ƙasa ne ya samar da shi, ba ya riƙe ƙashi. Ko rijiya nawa za ka haƙa a Badarawa ba za ka ci karo da dainoso ba. Sai an je inda laka da yashi suka taɓa kwanciya.

5/ Sakkwato na cikin irin wuraren nan. Akwai zamanin da wani reshen teku ya ratso Sahara ta Aljeriya da Mali da Nijar, ya kwanta a inda yau ake kira Wurno, Goronyo, Dange da Kalambaina. Ya shigo ya janye ba sau ɗaya ba, a tsakanin shekaru wajen miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce. Garin da muke yi wa tsiya da zafi, da can ƙasan teku ne.

6/ Shaidar na nan a fili. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi, yawancinsa ɓawon ƙananan halittun teku ne da suka taru suka daskare. A yankin Dange ana tsintar haƙoran kifaye, har da kashinsu da ya zama dutse. A Ashaka ta jihar Gombe ma, dutsen siminti cike yake da wasu halittu masu naɗaɗɗen ɓawo kamar dodon koɗi.

7/ Wato akwai yiwuwar bulon ɗakin da kake kwance yanzu kana karanta zaren nan, da ragowar halittun teku aka buga shi. Ban ce a daina yin siminti ba fa, kowa na son ya yi gini. Cewa na yi a riƙa ware masu kyau daga ciki kafin inji ya niƙe su, a kuma samu inda za a ajiye.

8/ To, labarin Goronyo. A 1930 wani masani a gidan tarihin halittu na Landan, W. E. Swinton, ya wallafa bayani kan ƙasusuwan da aka tono a Lardin Sakkwato. Hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya ce ta buga aikin. A ciki ya raɗa wa wani tsohon kada suna Wurnosaurus, daga Wurno, garin da kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake.

9/ A cikin aikin nan ne aka fara bayanin dabbar tekun da na buɗe zaren da ita. Bayan shekara kusan 40, wajen 1969 zuwa 1971, masana daga Jami'ar Florence suka zo yankin Goronyo suka samu ƙoƙon kanta da wasu sassan jiki. A 1972 suka sa mata Goronyosaurus. Danginta ɗaya da su damo da guza, sai dai ita a teku take, da filafilai a madadin ƙafa.

10/ Ta rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, daf da ƙarewar zamanin dainoso. Ita kanta ba dainoso ba ce, kar wani ya kama ni a nan. A 1975 kuma Beverly Halstead, Baturen da ya koyar a Jami'ar Ife, ya bayyana wani kadan mai suna Sokotosuchus. Kun ga sunayen garuruwanmu uku ke nan a littattafan kimiyyar duniya: Wurno, Goronyo, Sakkwato.

11/ Tambaya: a cikinku wa ya taɓa jin ko ɗaya a firamare ko sakandare? Ni dai har na shiga jami'a ba wanda ya taɓa ambata mini su. Amma ka tare yaro a layinmu ka nuna masa hoton T. rex, take zai gane shi, saboda fim da katun. Dabbar Amurka ya sani, ta ƙasar kakanninsa kuwa ko a mafarki.

12/ Ga wani wanda ya fi taɓa mu 'yan Kaduna. A Ameki, cikin jihar Abiya ta yau, an tono muƙamuƙin wata dabba daga kakannin dabbar nan mafi girma a teku, wel. A 1920 Charles Andrews na Landan ya sa mata Pappocetus lugardi. Lugardi ɗin nan Gwamna Lugga ne, wanda ya dawo da hedikwatar Arewa Kaduna daga Zungeru.

13/ Majalisar dokokin jiharmu a ginin da ke ɗauke da sunansa take zama. Gadarsa ta ƙarfe na nan a Gamji, ana zuwa ɗaukar hoto da sallah. Amma dabbar da aka tono a ƙasarmu aka liƙa mata sunansa tana Landan, kuma yawancinmu ba mu san da zamanta ba. Ka ga an bar mana gada an tafi da ilimi.

14/ Yanzu mu leƙa maƙwabta. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi arzikin ƙasusuwan dainoso a Afirka. A hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas, akwai wani wuri, Gadoufaoua. Faransawa masu neman yuraniyom ne suka ci karo da tarin ƙasusuwa a can, aka turo wani matashin masani, Philippe Taquet, a tsakiyar shekarun 1960.

15/ A can aka samu Sarcosuchus imperator, wanda aka raɗa wa suna a 1966. Kada ne, amma ƙoƙon kansa kaɗai ya kai tsayin mutum. Tsawon jikinsa, bisa lissafin masana daban-daban, mita 9 zuwa 12. Ku tuna, a ruwayar da aka fi sani, sunan Kaduna daga jam'in kada ya samo asali. Garin kadoji bai san sarkin kadoji ba, alhali yana nan maƙota.

16/ Sai Nigersaurus, wanda Paul Sereno na Jami'ar Shikago da abokan aikinsa suka sa wa suna a 1999. Mai cin ciyawa ne, tsawonsa kamar mita 9, bakinsa shimfiɗaɗɗe, da haƙora sama da 500. An lissafa cewa duk bayan kamar kwana 14 sabon haƙori ke maye gurbin tsoho. Likitan haƙori dai da yunwa zai mutu a zamaninsa.

17/ Akwai kuma Jobaria, daga yankin Ingal, mai tsawon wajen mita 18. Sunan daga Jobar aka ɗauko, wata halitta a tatsuniyoyin Abzinawa. Makiyaya sun daɗe suna ganin ƙasusuwan a fili suna ba 'ya'yansu labari a kansu. Sau da yawa ma su ke nuna wa masu bincike hanya. Ilimin wurin yana hannun mutanen wurin tun kafin motar Bature ta iso.

18/ Ga inda Nijar ta sha gabanmu. A gidan tarihin Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe tun 1959, akwai rumfar ƙasusuwan dainoso. Ouranosaurus nigeriensis da Taquet ya tono, bayan an gama nazarinsa a Paris an mayar da shi Yamai. Ɗan makaranta zai iya tsayawa gabansa ya ɗaga kai ya kalla. Ɗan'uwansa na biyu kuma yana Venice ta Italiya.

19/ A 2022 tawagar Sereno, da ɗaliban Nijar a cikinta, ta tono ƙasusuwa masu nauyin sama da tan 50. Akwai kuma shirin gina sababbin gidajen tarihi biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Agadas, don abin da aka fita da shi nazari ya samu wurin dawowa. Za a iya sukar tafiyar hawainiyar shirin, amma dai akwai abin da ake magana a kai. Mu fa?

20/ Na san abin da wasu za su rubuto: "Malam, ana fama da tsadar masara da rashin tsaro, kai kana zancen ƙashin ƙadangare?" Maganarku na kan hanya. Yankin Goronyo da Wurno da nake ta ambata, mutanensa na fama da 'yan bindiga, manomi ma na tsoron zuwa gonarsa balle ɗalibi mai guduma da jaka. Rai ya fi ƙashi, ba musu.

21/ Sai dai ku lura, lokacin rikici ne kaya ke sulalewa. Inda hukuma ba ta kai, dillali na kaiwa. Kuma abin nan kuɗi ne ba na wasa ba. A Yulin 2024 an yi gwanjon ƙasusuwan wani dainoso, Stegosaurus, a New York kan dala miliyan 44.6. Ku buga lissafin da kanku a naira, ni kalkuletata ta gaji.

22/ Misali mafi kusa: a Nuwamban 2023 an tsinci wani dutse da ya faɗo daga duniyar Mars a yankin Agadas, nauyinsa kusan kilo 25. A Yulin 2025 aka sayar da shi a New York kan sama da dala miliyan 5. Sai bayan nan gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Shi ba ƙashi ba ne, amma hanyar da ya bi ita ƙashi ke bi.

23/ Wasu kuma za su ce gara kayan su zauna a Turai, can ne ake iya kula da su, mu nan gara da ɗigar rufi za su cinye. Akwai gaskiya a ciki, mun san halinmu da kayan gwamnati. Birazil ma gidan tarihinta na ƙasa da ke Rio ya ƙone a Satumban 2018, aka yi asarar miliyoyin kaya, bayan shekaru ana kukan rashin kuɗin gyara.

24/ Amma Turai ɗin ma ba tudun mun tsira ba ce. Ƙasusuwan Spinosaurus na farko, a Masar aka tono su a 1912 aka kai Munich ta Jamus. A Afrilun 1944 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, suka hallaka su ƙurmus. Zane da hotuna kawai suka rage. Da an bar kwafi a Alƙahira, da asarar ba ta kai haka ba.

25/ Darasin da na ɗauka daga gobarar Rio da bam ɗin Munich ɗaya ne: kada a tara ƙwai duka a kwando guda. A yi rajista, a ɗauki hoto, a yi kwafi, a rarraba. Wannan hujja ce ta a samar da ma'ajiya a Kaduna da Sakkwato, ko da ta Landan da Florence na nan daram.

26/ Sai masu cewa zancen miliyoyin shekaru ya saɓa wa abin da suka yarda da shi. Ni ba malamin addini ba ne, ba zan yi fatawa ba. Abin da zan ce, ƙashin nan abu ne da ake gani a taɓa, halitta ce cikin halittun Allah. Shekarun kuma daga jerin shimfiɗun dutse da awon wasu ma'adinai ake lissafa su, hanyar da masu neman fetur ke dogaro da ita kullum.

27/ Wannan ya kawo ni kan amfaninsa ga aljihu. Masu haƙar mai na duba ƙananan halittun da suka daskare a dutse don su san shekarun shimfiɗar da suka kai da irin ruwan da ya kwantar da ita. Muna murnar rijiyar Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe, to masu karanta irin wannan shaidar na cikin waɗanda ake buƙata a aikin. Da me za mu horar da su in ba samfur?

28/ A ajinmu, yawancin halittun da muke zanawa a jarrabawa a hoto muka san su, hoton ma na fotokwafi da ya sha hannu har ya yi baƙi. In an fita aikin fili an tsinto wani abu, ƙarshensa kwali ne a ƙarƙashin tebur, takardar da aka rubuta inda aka samo shi ta ɓace. Ƙashin da ba a san inda aka tono shi ba kuwa, rabin darajarsa ta tafi.

29/ Ku dubi Masar. Hesham Sallam ya kafa cibiyar nazarin irin waɗannan ƙasusuwa a Jami'ar Mansura, ya horar da ɗalibai, mata na gaba-gaba a cikinsu. Su suka tono dainoso a yankin Dakhla, aka sanar da shi a 2018 da sunan Mansourasaurus, sunan jami'arsu. Ƙasusuwan na Mansura. Mai son nazari shi zai yanki tikiti ya je.

30/ Ku dubi Birazil kuma. An fitar da wani ƙaramin dainoso daga ƙasar a shekarun 1990, ya ƙare a gidan tarihin Karlsruhe na Jamus. Da aka wallafa shi a Disamban 2020 da sunan Ubirajara, masana da ɗaliban Birazil suka taso a wannan dandalin da muke kai, suka hana kowa sakat. A Yunin 2023 aka mayar musu da kayansu.

31/ Abin da ya ba su nasara: suna da tsohuwar doka da ta ce irin wannan kaya na ƙasa ne, suna da masana da suka gane kayan da ganin hoto, suna kuma da gidan tarihi a yankin da aka tono shi da zai karɓa. Hayaniyar intanet ta zo ne a kan waɗannan ukun. Wanda bai san kamannin akuyarsa ba, ta yaya zai yi cigiya?

32/ Mu ma mun ga yadda ta kaya da kayan tagullar Benin. Jamus ta fara miƙo nata a Disamban 2022, Holan ta dawo da guda 119 a 2025. An kai ga haka ne don an shafe shekaru da dama ana bibiya, an san kayan, an san inda kowanne yake. Ƙasusuwan Sakkwato ba su da mai yi musu wannan ɗawainiyar.

33/ Dokarmu ma ta bar giɓi. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta fi karkata ga abin da ya shafi ɗan Adam: sassaƙa, tukwane, kufai, kayan sarauta. Dabbar da ta mutu miliyoyin shekaru kafin a yi mutum ba ita aka sa a gaba ba da ake rubuta ta. 'Yan majalisarmu na tarayya, ga aiki nan mai sauƙi da ba ya buƙatar kwangila.

34/ Me ya sa na ce Kaduna? Muna da gidan tarihi na ƙasa a titin Ali Akilu, an buɗe shi a 1975, daga Badarawa Keke Napep ɗaya ne. An gina shi a kan tarihin mutane, irin su kayan Nok da sana'o'in gargajiya. Hukumar binciken ƙasa, wadda aka kafa tun 1919, ta daɗe da zama a garin nan kuma tana da ɗakunan gwaji. Ga jami'o'i a Kaduna da Zariya.

35/ Wato akwai gini, akwai masana duwatsu, akwai ɗalibai, ga garin a tsakiyar Arewa, jirgin ƙasa na zuwa daga Abuja. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife na da gidan tarihin halittu nata. Jihohin Arewa 19 su haɗu su kasa samar da zaure ɗaya mai kyau irin wannan, wallahi da kunya.

36/ Ba ginin biliyoyi nake nema ba, don na san inda irin wannan ke ƙarewa: a aza harsashi, a yanka kyalle, ciyawa ta cinye. Zaure ɗaya ya isa a fara. Taswirar tsohon tekun Sakkwato a bango, duwatsun Kalambaina da Dange da Ashaka a cikin gilashi, wasu kuma a tebur yara su taɓa da hannunsu.

37/ Na biyu, a rubuta wa Florence da Landan da Paris a nemi cikakken jerin abin da suke riƙe da shi daga Nijeriya, da hoton kowane ƙashi ta kowace fuska wanda kwamfuta ke iya juyawa. Da irin hoton nan ana iya buga kwafin ƙoƙon kan Goronyosaurus da injin ɗab'i mai fitar da siffa. Zancen dawo da na asali ya biyo baya, in mun nuna muna da wurin ajiya.

38/ Na uku, bayanin kowane abu a rubuta shi da Hausa, boko da ajami, sannan Turanci. Tsohuwa daga Kwaru ko Malali ta shigo da jikanta ta karanta ko a karanta mata ta gane. In bayanin ya tsaya a Turancin masana, to an sake kai kayan Turai ne alhali suna Unguwar Sarki.

39/ Na huɗu, duk baƙon da zai zo tono, a sa masa sharaɗi a rubuce: ɗalibanmu a cikin tawaga, sunayensu a kan abin da za a wallafa, ranar dawo da kaya a ƙayyade. Kamfanonin siminti kuma a roƙe su su bar ɗalibai su riƙa duba sabon wurin da aka fasa, su kuma ɗauki nauyin zauren. A wurinsu kuɗin ba komai ba ne.

40/ Na biyar namu ne, mu ɗalibai. In ka tsinci wani abu a fili, kar ka fizge shi. Ɗauki hoto yana inda yake, sa biro ko kwabo a gefe don a gane girmansa, ɗauki lambar wurin da wayarka, rubuta kwanan wata, ka kai wa sashen ilimin duwatsu mafi kusa. Kar ka sayar wa mai zuwa da mota yana tambayar "dutse mai ƙashi".

41/ 'Yan Sakkwato, Wurno, Goronyo, Gwadabawa, Dange, da 'yan'uwa na Tawa da Agadas da Ingal: me ake kiran irin waɗannan duwatsun a garinku? Me tsofaffi ke cewa a kansu? Ku ajiye mini a ƙasa. Ina so mu tattara sunayen Hausa da na Abzinanci, don ranar da za a rubuta allon bayani a same su a shirye.

42/ Wanda kuma ya san ɗan majalisa, kwamishinan ilimi, ko malamin da ke koyar da wannan fanni, ya tura masa zaren. Ni da wasu abokaina a shirye muke mu yi aikin rajista da fassara kyauta lokacin hutu, in an ba mu ɗaki da kabad mai makulli. Masu zagi, bismillah, fili naku ne.